Wasiƙa Daga Minnesota Kan Abincin 'Yan Makaranta

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaishe ku daga Minneapolis, da fatan iyali na lafiya.

Kan ciyar da ɗalibai nake son mu tattauna. A nan Amurka abin ya samo asali ne tun 1946, lokacin da Shugaba Truman ya sa hannu a dokar abincin rana na makarantu, bayan an ga yadda rashin abinci mai gina jiki ya hana samari da yawa shiga soja a yaƙin duniya na biyu. Yau yara kusan miliyan 30 ne ke ci a kowace ranar karatu. A jiharmu kuwa, tun 2023 kowane ɗalibi na samun karin kumallo da abincin rana kyauta, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka layi ɗaya suke bi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne komai a rubuce yake. Ma'aikatar noma ta tarayya ta ƙayyade abubuwa biyar: 'ya'yan itace, kayan lambu, hatsi, nama ko madadinsa kamar wake da ƙwai, sai madara. Yaro zai iya barin biyu, amma dole ya ɗauki 'ya'yan itace ko kayan lambu, ko da rabin kofi ne. Idan ya iso ƙarshen layi babu, matar da ke wurin za ta mayar da shi ya ɗauko tuffa. Ana fitar da jadawalin abincin tun kafin ranar, wanda ya fi mana amfani mu Musulmi, don mu san ranar da akwai naman alade. Amma ba wai yaran na cinye duk abincin da aka ba su ba ne. Ana zubar da kayan lambu da yawa, kuma hakan na ƙona mini rai.

A gida Najeriya an fara shirin ciyar da ɗalibai na tarayya a 2016, naira 70 kan kowane yaro daga aji ɗaya zuwa uku, aka dakatar da shi a Janairun 2024. Don Allah iyaye, duk inda ake ciyarwa ko za a dawo da ita, ku je wurin hedimasta da ƙungiyar iyaye da malamai ku nemi a manna jadawali a bango: yau shinkafa da wake, gobe ƙwai, ludayi nawa, wace ce mai dafawa, kuma an biya ta ko ba a biya ba. Wake, gyaɗa da zogale duk muna nomawa, a saya wurin manoman garin.

Allah Ya raya mana zuri'a. A gaida kowa da kowa.

Ɗan'uwanku a Minneapolis