Kan amfilifayar bes ga mai kiɗa mai nauyi da ƙaramin aljihu

Shagona a Jos yake, kuma abin da ke ciyar da mu ba ɓoyayye ba ne: hayar lasifika da miksa ga masu biki, sayar da makirfo da wayoyi ga masallatai da coci-coci, sai kuma gyara. Gyaran ne ma ke riƙe shago idan kasuwa ta yi sanyi. Amma akwai wasu 'yan tsirarun masu ciniki da nake jin daɗin zuwansu, duk da ribar da ke kansu ba ta taka kara ta karya ba. Samari ne masu kiɗan rok da metal, kiɗan Turawan nan mai nauyi da ƙara, wanda jita ke gurnani, ganga ke tafiya ba hutu. Yawancinsu a coci suka koyi jita, wasu ɗaliban jami'a ne. Ba su da yawa a ƙasar nan, ba su kuma da kuɗi. Wanda ya fi shan wuya a cikinsu shi ne mai jitar bes, wato jitar nan mai kaurin murya, kuma kukansa kullum ɗaya ne: "Oga, ba a jina."

Gaskiyarsa ne, ba a jinsa. Tsirkiya mafi kauri a bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa. Mai tsirkiya biyar tana sauka zuwa wajen 31, kuma masu metal sun saba sassauta tsirkiyoyinsu don sautin ya ƙara nutsewa. Kunnen ɗan Adam ba ya kama irin wannan sauti da sauƙi, kuma kafin lasifika ta fitar da shi sai ta ture iska mai yawa, wanda ke cin wuta. Shi ya sa mai jita da amfilifaya mai wat 50 zai iya binne mai bes da ke da wat 100. Ma'aunin da nake ba su shi ne, duk abin da mai jita yake da shi, mai bes ya nemi ninki uku ko huɗu. Ga ƙungiya mai ganga mai ƙarfin hannu da jita biyu, ƙasa da wat 300 wahalar da kai ne.

Kayan bes kashi biyu ne: kai, wato amfilifayar kanta, da akwatin lasifika da ake ɗora shi a kai. Akwai wanda ake haɗa su a jiki ɗaya, amma ga mai wannan kiɗa na fi son a raba, domin gobe idan kuɗi ya samu sai a canza ɗaya a bar ɗaya, kuma idan an gayyace ka wasa inda akwai akwati, kanka kawai za ka ɗauka ka hau keke.

To idan yaro ya shigo ya ce kai yake so, ba na fara tambayarsa nawa ke aljihunsa. Tambayata ta farko ita ce wane akwati yake da shi, kuma me aka rubuta a bayansa. A nan ne yawancin kuɗi ke zubewa. Kowane akwati yana da lambar om, wato ma'aunin yadda lasifikar ke tare wutar da ke shiga cikinta, galibi 8 ko 4. Kai mai taransisto ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai a kan mafi ƙarancin om da aka yarje masa. Ɗauki Hartke HA3500, wanda ya cika kasuwar kayan hannu: wat 350 yake bayarwa a om 4, amma a om 8 sai ya koma 240. Mutum ya biya kuɗin 350, ya haɗa da akwati ɗaya mai om 8, ya dawo yana cewa an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Idan ya haɗa akwati biyu masu om 8, sun koma om 4, kan ya buɗe baki gaba ɗaya. Amma akwati biyu masu om 4 suna komawa om 2, kuma yawancin kawuna ba sa ɗaukar wannan. Sai su yi zafi su kashe kansu a tsakiyar wasa, ko su ƙone a kawo mini su cikin buhu.

Abu na biyu da nake fama da su a kai shi ne lambar da ke jikin kwali. Wasu kamfanoni suna buga wat 1000 ko 2000 da manyan haruffa, alhali ƙarfin ƙiftawar ido ɗaya ne suka auna, ba wanda na'urar za ta iya riƙewa ba. Lambar da ke da amfani ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, tare da om ɗin da aka auna ta a kai. Kuma ko ta gaskiyar ce, ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa a ma'aunin ƙara, abin da kunne zai ce "e, ya ɗan ƙaru". Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Don haka tsakanin kai mai 350 da mai 500 babu abin da za a sayar da waya a cika kuɗi dominsa. Ƙara lasifika ya fi ƙara wat tasiri nesa ba kusa ba. Akwati mai lasifika huɗu 'yan inci 10 shi ne jakin wannan kiɗa, ya ɗauki kaya bai yi ƙorafi ba, kuma idan aka samu na biyu, magana ta ƙare.

Kowane yaro yana zuwa da hoton Ampeg SVT a wayarsa. Ban ga laifinsu ba. Tun 1969 da aka fito da shi, wat 300, manyan kwalabe shida a sashen ƙarfi (bututun gilashi masu ƙara ƙarfin sauti, irin na tsohuwar rediyo), a kan akwati mai lasifika takwas, shi ne abin da suke gani a bayan manyan makaɗan da suke kallo a YouTube. Sautinsa kuwa ba a magana. Sai dai kan kaɗai ya doshi kilo 40, kwalaben suna tsufa, ana canza su ne a jere masu daidai da juna, daga waje ake yo odarsu da dala, sannan sai an samu mai gyaran da ya san daidaita su. Kwalba gilashi ce, hanyoyinmu kuwa kowa ya san su. Kuma kai mai kwalabe idan aka kunna shi aka yi kiɗa ba a haɗa lasifika ba, taransifomarsa ta fita tana iya tafiya, ita ce kuwa mafi tsada a cikinsa. Nakan ce wa yaro, "Ƙanena, bar wannan hoton a waya tukuna."

Abin da nake tura su gare shi tsofaffin kawuna ne masu taransisto da babbar taransifoma, irin waɗanda idan ka ɗaga sai ka ji a kafaɗa. Peavey na kan gaba. Kamfanin Amurka ne da Hartley Peavey ya kafa a 1965 a garin Meridian na jihar Mississippi, kuma tsofaffin kawunansu irin su Mark III da Mark IV har yau suna aiki a coci-cocin da suka gaje su. Ba su da kyan gani, samari suna raina su, amma da yawansu suna ɗaukar om 2, kuma suna da abin da ke danne sauti kafin ya fasa lasifika. Sai Hartke da na ambata, mai layin maɓallai goma na gyaran sauti. Sai Gallien-Krueger, musamman 800RB da ya fito a 1982 da ƙannensa irin su 700RB. Waɗannan idan aka matsa musu suna da wani kaushi mai cizo wanda ya dace da metal sosai, sai dai ba sa zama a kasuwa, kuma masu su sun san abin da suka riƙe. Daga Ingila akwai Trace Elliot mai koren rubutu da Ashdown, irin MAG 300.

Na Ingilan suna da wata falala da ba ta shafi sauti ba. Wutarmu bolt 230 ce, irin tasu. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka bolt 120 suke ci, na Japan 100. Kayan hannu da ke sauka a kasuwar Alaba ta Legas a cakuɗe suke zuwa, kuma sau da yawa wani ya riga ya canza kan filogi ya sa irin namu, sai mai saye ya ɗauka shi ke nan. Ya soka a bango, ya ji ɗas, ya ga hayaƙi. Wasu kawunan suna da makunnin canza wuta a baya, wasu sai an buɗe ciki an canza haɗin taransifoma, wasu kuma dole a riƙa jan taransifoma mai rage wuta duk inda za a je. Wannan na ƙarshen ba na sayar wa ɗan ƙungiya, domin ranar da wani abokinsa zai taya shi haɗa kaya a cikin duhu tana nan tafe. Duk kan da ya shigo shagona, rubutun da ke kusa da ramin wuta nake fara karantawa.

Yanzu kuma ga sababbin nan 'yan ƙanana da ake kira Class D, irin Fender Rumble 500, da Gallien-Krueger MB500, da TC Electronic BQ500. Wat 500 a cikin abin da bai wuce kilo biyu zuwa uku ba, ya shiga jakar goyo. Masu cewa ba su da sauti son zuciya ne kawai, na saurare su, suna da shi. Damuwata ta mai gyara ce. Tsohon kai idan ya lalace, na buɗe, na auna, na cire taransisto ko kafasito na sa wani da dalma, yawancin kayan ana samunsu a gari. Sabon kuwa allo ne cike da ƙananan abubuwa da inji ya liƙa, idan sashen wutarsa ya tafi galibi sai dai a canza allon dungurungum, kafin ya iso kuma an yi makonni, kuɗinsa ya kusa rabin na sabo. Ba laifin masu ƙera su ba ne, don wuta mai natsuwa aka yi su. Mu kuwa wasa a kan janareta ake yi, wanda mai firij da mai fitilu duk suna rataye a jikinsa. Wanda ya nace sai ƙarami, nakan ce ya haɗa da sitabilaiza mai kyau a lissafinsa, kuma kada ya kunna sai janareta ya daidaita, ya kashe kafin a kashe shi.

Sai maganar gurnani. Da yawa suna son kai mai kaushi a jikinsa, suna kallon Darkglass na ƙasar Finland da masu metal na zamani ke yayi. Kaya ne mai kyau, kuɗinsa ne ba na ɗalibi ba. Shawarata ita ce a sayi kai mai ƙarfi mai tsabtar sauti, a nemo kaushin daga feda, ƙaramar na'urar nan da ake takawa da ƙafa tana canza sautin jita. SansAmp na kamfanin Tech 21 ya daɗe yana wannan aiki, akwai kuma masu araha da suka kwaikwaye shi. A dai nemi feda mai maɓallin gauraya sauti mai tsabta da mai kaushi, domin fedar jita zalla tana cinye ƙasan bes, a bar ka da ƙara ba nauyi.

Wani abin kuma ko sisi ba ya ci. Yaro yana gwaji shi kaɗai a ɗaki, sai ya ɗaga maɓallan sautin ƙasa mai kauri, ya ɗaga na sama mai siriri, ya kwantar da na tsakiya, maɓallan su yi siffar murmushi. Shi kaɗai daɗi kamar me. Da ganga da jita suka shigo sai ya ɓace, domin ƙasan ya haɗu da babbar ganga, saman kuma jita da faifan ƙarfe sun mamaye. Wurin da ake jin bes a wannan kiɗa yana tsakiya, daga wajen haz 500 zuwa 1000, wato kaɗawa sau 500 zuwa 1000 a daƙiƙa. Akwai waɗanda suka zo sayen sabon kai, na murɗa musu tsakiya a nasu na rage ƙasa kaɗan, suka koma da kuɗinsu. Yaron shagona ba ya son wannan hali nawa, yakan ce, "Oga, ciniki fa ka kora." Su ne dai ke dawowa sayen waya da tsirkiya, su kuma kawo abokansu.

Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, sabon kaya ya fi ƙarfin irin waɗannan samari, har na hannun ma ya bi sahu. Hakan ya sa na ƙara tsanani wajen saye. A Alaba akwai farashin wanda aka gwada da na wanda ba a gwada ba, na biyun caca ce, kuma sai in na shirya amfani da shi a matsayin kayan gyara nake taɓa shi. Wanda zan sayar kuwa sai na shinshina bayansa ko akwai ƙauri, na duba kusoshi ko an sha buɗe shi, na zare fis na gani ko na gaske ne ko waya aka naɗa. Ina auna ramin lasifika da mita kafin in haɗa akwati, domin kan da ke zubo wuta irin ta batir ta nan zai gasa lasifika cikin ɗan lokaci. Ina murɗa kowane maɓalli. Ƙarar ƙas-ƙas yawanci ƙurar hunturu ce, feshi ke maganinta, wannan ba ya hana ni saye, sai dai ya taimake ni wajen neman ragi. Sannan in bar shi yana aiki da ƙarfi har ya yi zafi, in ga ko fanka na juyawa, domin cuta da yawa sai da zafi take fitowa. Ina kuma gwada ramin da ke kai sauti zuwa miksa, tun da a babban fili lasifikun taro ne za su ɗauki nauyin, kan ya zama na jin kanka kawai.

Wayar da ke tsakanin kai da akwati ba ta jita ba ce, ko da bakinsu ya yi kama. Ta jita siririya ce a ciki, tana zafi, tana iya narkewa ta haɗe ta kashe kan. Duk wanda ya sayi kai a wurina da wayar lasifika mai kauri yake tafiya, na sa kuɗinta a ciki.

Tsarin da na fi yi da su yanzu shi ne haya kafin saye. Yaro ya ɗauki kan ya je gwaji da ƙungiyarsa, da mai gangarsa da akwatinsa, a ɗakin da suka saba. Idan ya yi masa, kuɗin hayar ya shiga cikin kuɗin saye, sauran ya biya kashi-kashi, kan yana shago har ya cika. Idan bai yi ba, ya dawo da shi ya gwada wani. Ina ba da garantin wata ɗaya a kan aikina, ban da wuta da ruwan sama, kuma kafin ya fita ina rubuta mafi ƙarancin om da bolt ɗin kan da farin fenti a samansa, inda duk mai haɗa waya zai gani.