Fargaba a hannu take zama

A shagon zanen da nake aiki a Jos, hoton mutane ne ke kawo kuɗi: ma'aikacin da zai yi ritaya, ango da amarya, mahaifin da ya rasu ana so a rataye a falo. Mai kawo aiki kama kawai yake dubawa, in hanci da ido sun fita daidai sai ya biya ya tafi. Zana abin da ke cin mutum a rai kuwa wani karatu ne daban, kuma a hankali na same shi.

Maigidana ya taɓa ajiye mana hoton zanen nan na Edvard Munch, ɗan ƙasar Norway, wanda ya yi a 1893, mai mutumin da ya wage baki a kan gada. Sai ya sa babban yatsa ya rufe bakin, ya ce, "To, yara, tsoron ya tafi?" Yana nan daram. Sama ta yi ja tana murɗawa, shingen gadar ya miƙe sambal kamar ba ruwansa, ga mutum biyu can baya suna tafiyarsu hankali kwance. Mai wage bakin kuma ya toshe kunnuwa da tafukan hannu.

Wajen Käthe Kollwitz, Bajamushiya, na ƙara fahimtar batun hannu. An kashe ɗanta Peter a 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma iyaye matan da take zanawa hannuwansu manya ne, masu kauri, ko sun rufe fuska ko sun tattare yara. Duk wanda ya ga rikicin Satumbar 2001 a garin nan ya san wannan riƙon. Uwa ba ta tsayawa ihu a irin wannan rana, damƙe wuyan hannun ɗanta take yi har sai ya ji zafi. Shi ya sa in zan zana mai damuwa nake fara da yatsu da kafaɗa, fuska ta zo daga baya, wani lokaci ma in bar ta shiru.

Ɓangaren ibada ya fi wuya. Sa wa mutum carbi ko gicciye a hoto ba ya kawo natsuwa, ado ne kawai. Georges Rouault na Faransa ya fara da koyon aikin gilashin tagogin coci, kuma ana ganin haka a baƙaƙen layukansa masu kauri da ke sa launi ya yi haske kamar rana na bayansa. Amma wanda ya fi kusa da zuciyata Ibrahim El-Salahi ne na Sudan, ɗan malamin allo daga Omdurman. Haruffan Larabci yake ja har su rikiɗe su zama fuska da ƙashi. A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kober ba tare da shari'a ba, ya riƙa zane a guntayen takardar buhun siminti yana binnewa a ƙasa. A ayyukansa zullumi da tawakkali a layi ɗaya suke tafiya.

Na san malamai suna da magana a kan zana mai rai, kuma akwai abokin aikina da ba ya cika fuska saboda haka. Ya zana dattijo ta baya, zaune a zaman tahiya, wuya ya ɗan sunkuya. Har yau ban ga hoton addu'a da ya kai shi a shagonmu ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne sababbin yara da ke karkata fuska da gangan, su watsa jan fenti, su ce ai yanayi ne. Munch ya iya zana mutum daidai kafin ya lanƙwasa shi. Yanzu duk wanda aka kawo mini koyo, takarda da gawayi nake ba shi, in tura shi Taminus ya zano mini hannuwan masu jiran mota.