Wa'adin musayar ɗalibai: a takarda ake ƙirga kwanaki

Ƙannena masu shirin tafiya musayar ɗalibai ko sanin makamar aiki a ƙasar waje, na san hankalinku yana kan biza da tikiti da wurin kwana. Amma abin da ya fi saurin jawo wa ɗalibi asara shi ne wa'adi: wata nawa aka yarda ka yi, daga wace rana ake fara ƙirga, kuma me zai biyo baya idan ka katse zaman. Zan fi tsayawa a kan Erasmus+, shirin musayar ɗalibai na Tarayyar Turai, domin shi na shiga, a cikinsa kuma na yi tuntuɓe.

A tsarin shirin na 2021 zuwa 2027, dogon zama don karatu ko horon aiki ba ya gaza wata 2, ba ya wuce wata 12. Inda mutane ke ruɗewa shi ne wata 12 ɗin nan ba na tafiya guda ba ne. Rabonka ne na matakin karatu gaba ɗaya: 12 a digiri na farko, wasu 12 a na biyu, wasu 12 a digirin digirgir. Masu karatu mai zango ɗaya dogo, irin likitanci, su ne ke da 24. Karatu da horon aiki duk daga rumbu ɗaya ake ɗiba, har da watannin da ka zauna a ƙarƙashin shirin ba tare da an ba ka ko sisin tallafi ba.

Wannan na ƙarshen ne ban kula da shi ba. Da zangona na musaya ya ƙare, wurin ya yi mini daɗi, sai na nemi ƙarin zango ba tare da tallafi ba, ina ganin tunda ba a biya ni ba, ba za a rubuta mini shi ba. An rubuta. Ban gane ba sai da na kai shekarar ƙarshe na samu wurin horon aiki da ya dace da fannina. Suna son mai dogon zama, abin da ya rage mini kuwa bai kai ba. Shirin yana barin wanda ya kammala digiri ya je horon aiki, da sharaɗin jami'arsa ta zaɓe shi tun yana shekarar ƙarshe, ya kuma gama horon cikin shekara guda da kammalawa, amma watannin daga rabon digirin da ya gama ake cire su. Da na sani, da ban taɓa wancan zango na biyu ba, domin horon aiki ya fi shi amfani a wurin neman aiki nesa ba kusa ba.

Haka na karɓi wani gajeren horo da ya tsaya cif a kan mafi ƙarancin wa'adi. Ni a raina na fara ƙirga tun ranar da jirgi ya sauka. A wurin shirin kuwa, ranar farko ita ce ranar da aka wajabta maka bayyana a wurin aiki ko jami'ar da ta karɓe ka, ranar ƙarshe kuma ita ce ta ƙarshe da aka wajabta maka kasancewa a can. Kwanakin neman ɗaki da na yawon buɗe ido ba sa ciki. Ana dab da ƙarewa wata hidimar iyali ta taso, na gaya wa shugabana a wurin aiki, ya ce ba komai, na tafi. Ban rubuta wa jami'ata ba. Da takardar shaidar horo ta fito, ranar da na bar aiki aka sa, kamar yadda ya kamata, sai zaman ya gaza wata 2. Wanda ya cika mafi ƙarancin wa'adi ya dawo da wuri, kuɗin kwanakin da bai yi ba ake cirewa. Wanda bai cika ba, zaman nasa ne gaba ɗaya bai karɓu ba, kuma ana iya neman ya mayar da tallafin. Kaso mafi yawa tun farko ake biya, ni kuwa na riga na kashe shi a haya da abinci.

Ba a hana katse zama ba, ku fahimci wannan. Ana iya tsayawa a dawo a ci gaba, sai dai kwanakin tsayawar ba sa shiga lissafi, dole a ɗaga ranar ƙarewa. Yarjejeniyar karatu ko horon da aka yi kafin tafiya kuma mutum uku ne suka sa mata hannu: kai, jami'arka, da wurin da ya karɓe ka. Yardar mutum ɗaya da baki ba ta canza komai. Neman ƙarin wa'adi ma yana da lokacinsa, aƙalla wata guda kafin ranar ƙarewa. Idan abin da ya fi ƙarfin mutum ne ya faru, kamar rashin lafiya mai tsanani, akwai sassauci, amma ba kai ke yanke hukuncin cewa uzurinka ya kai ba. Jami'a ce ke miƙa shi ga hukumar ƙasar da ke kula da shirin, su duba da hujja. Don haka ka sanar a ranar da abin ya faru, ka adana takardar likita, kada ka bari sai ka dawo gida.

Biza kuma nata lissafin daban. Bizar gajeren zama ta yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokinsu ga juna, kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, ba ta isa zangon karatu, sai bizar dogon zama ko izinin zama na ƙasar. Idan ka ɗaga ranar ƙarewa saboda katsewa, ka duba ko izinin zamanka da inshorar lafiyarka sun kai sabuwar ranar. A Amurka, bizar J-1, ta masu zuwa shirin musaya, tana ba ɗalibi mai horon aiki har wata 12, sannan kwana 30 bayan ƙarewar shirin don shirin barin ƙasa, ba a yarda ka yi aiki a cikinsu ba.

Idan za ku tsara gajeren horo, ku ɗora mako ɗaya ko biyu a kan mafi ƙarancin wa'adi tun a yarjejeniya. Kafin ku bar wurin kuma, ku karɓi takardar shaida ku karanta ranakun da ke kanta a gaban wanda ya sa hannu, domin gyara daga nesa yana da wuya.