Asabar: Yinin Duba Yamaha MT-07 a Katsina

Yau da hantsi ɗan yayata ya kira ni, ya ce: "Kawu, ka zo garejin Kofar Ƙaura ka ga mashin ɗin kafin a biya kuɗi." Yamaha MT-07 ce ta hannu, samfurin 2021, irin babur ɗin da ba a lulluɓe shi da roba ba, don haka inji da lagireto da firam duk a fili suke, kuma wannan ya sauƙaƙa mana duba ko ya taɓa faɗuwa.

Injin silinda biyu ne a jere, mai cc 689, ruwa ke sanyaya shi, giyarsa 6, kuma yana ba da ƙarfin doki kusan 74, alhali Boxer da 'yan acaɓa ke hawa ba ta kai doki 10 ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne karanshaf ɗinsa, wato sandar da fistin ke juyawa a cikin inji, wanda aka karkata da digiri 270, ta yadda fistin biyun ba sa bugawa a tazara ɗaya. Shi ya sa ƙararsa ke fita da gurnani mai tsalle-tsalle, kuma shi ya sa yake ja da ƙarfi tun daga ƙaramar wuta, ba sai an murɗa totur har ƙarshe ba. Na hau shi zuwa titin Daura na dawo, na ga ko a giya ta huɗu aka rage gudu saboda Keke Napep, da an ba shi wuta sai ya ɗauka ba tare da shaƙewa ba. Nauyinsa da mai a tanki kilo 184 ne, kuma a ganina wannan rashin nauyi shi ne babbar fa'idarsa, fiye da gudun da samari ke yawan tambaya a kai. Tankin lita 14 ne, birkin gaba faifai biyu ne, da ABS mai hana taya ƙullewa.

Wani dattijo da ke zaune a garejin ya tuna mana Yamaha 100 da ya hau a zamanin ƙuruciyarsa, ya kuma yi mamaki da na ce asalin kamfanin kayan kiɗa ne. A 1887 Torakusu Yamaha ya gyara wani abin kiɗa mai aiki da iska da ake kira organ, na wata makaranta a garin Hamamatsu na Japan, daga nan ya shiga ƙera su, kuma har yau tambarin da ke jikin tanki ƙarafa uku ne na daidaita sautin kayan kiɗa. A lokacin yaƙin duniya na biyu masana'antar ta ƙera farfelar jiragen sama, kuma injinan da suka rage bayan yaƙi ne shugabanta Genichi Kawakami ya juya zuwa ƙera babur. Na farko, YA-1 mai cc 125, ya fito a 1955, shekarar da aka ware Yamaha Motor ya zama kamfani mai cin gashin kansa. Injin silinda biyu a jere kuwa tsohon gadonsu ne, kamar XS-1 mai cc 650 ta 1970, sannan suka yi amfani da dabarar digiri 270 a TRX850 a tsakiyar shekarun 1990, kafin MT-07 ta fito a 2014.

Sai dai bakaniken ya faɗi gaskiya da ya ce: "Alhaji, wannan ba ta da kabureta, injekta ce, idan ta nuna wuta sai an sa mata kwamfuta." Man bumburutu mai datti zai iya lalata famfon mai, ƙasan mashin ɗin kuma bai da tsayin da zai jure yashin ƙauyukanmu, domin an yi shi ne don kwalta. Tayar baya mai faɗin milimita 180 ba a samunta a kowane shago a nan, sai an aika Kano ko Legas.

Na shawarci yaron ya saya, bisa sharaɗin a rage kuɗin sabuwar taya da sarƙa daga farashin, kuma ya tanadi hular kwano tun kafin ya karɓi makulli. Mai mashin ya ce zai ba da amsa ranar Litinin.