Kawu, ai jirgin ya daina zuwa

Ranar kasuwar garinmu da ta wuce, ina dawowa daga gona da la'asar sakaliya, sai na hango ɗan ƙanwata a tsakiyar dogo. Ya kafa wayarsa a kan wani ƙarfe mai ƙafa uku, ya toshe kunnuwansa biyu da abin jin waƙa, yana tafe yana rangaji yana motsa baki, abokinsa na gefe yana cewa a sake, bai yi ba. Sau uku na ƙwala masa kira bai ji ba, sai da na jefi ƙafarsa da tsakuwa. Da ya zare abin kunnen, ko gaisuwa babu, sai ya ce: "Haba Kawu, ka ɓata mana bidiyo. Ai jirgin nan ya daina zuwa."

Na ɗaga hannu zan kwaɗa masa mari, sai na sauke. Ba tausayinsa na ji ba. Tunawa na yi cewa duk garin nan babu wanda ya kai ni rashin bakin magana a kan wannan dogo.

Yaran yanzu sun san ni da sayar da taki da irin shuka. Kafin nan ni mai hoto ne. Da kuɗin gyaɗar da na noma na sayi wata tsohuwar kyamara Yashica a Sabon Gari, na riƙa bin suna da biki da hawan salla. Fim ɗaya hoto 36 ne, in ya cika sai in kai Kano a wanke. Hoton biki shi ne abincina, amma zuciyata tana wurin jirgi. Dogo ya iso Kano a 1911, aka miƙa shi har Nguru a 1930 don kwasar gyaɗa, kuma garinmu a bakinsa ya girma. Da kukan jirgi uwata take sanin lokacin ɗora tukunya. Na bi tashoshin layin nan ɗaya bayan ɗaya, Jogana, Zakirai, Ringim, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa, ina ɗaukar 'yan mata masu miƙa fura da dafaffen ƙwai ta taga, da 'yan dako, da shanun da ake lodawa a tarago. Ba wanda ya biya ni ko sisi. Mutane suna cewa ina ɓarnar fim, ni kuwa ina ganin tarihi nake tarawa, kuma har yau ban janye wannan maganar ba.

Hoto ɗaya ne ya gagare ni: kan jirgi gaba da gaba, a bisa gadar da ke yamma da garinmu, hazo a bayansa. A hunturun 1984 na ce sai na samu.

Akwai wani yaro ɗan maƙwabcinmu, shekararsa 11, da ke riƙe mini jaka duk inda za ni. Ban ce ya biyo ni kan gadar ba. Shekara arba'in ke nan ina nanata wa kaina haka. To amma ban ce ya koma ba, kuma jakata ce rataye a wuyansa, kuma da na waiga na gan shi murmushi na yi masa.

Lissafina mai sauƙi ne. Jirginmu ba mai gudu ba ne, mai keke ma yana iya jerawa da shi in ya baro tasha. Na ce in ya ɗora ƙafa a wancan bakin gadar sai in danna, in juya in sauka ta wannan bakin. Abubuwa uku ne ban saka a lissafin ba. Idan idonka yana cikin kyamara, komai sai ya zama ƙarami, ka ga abu kamar yana can nesa alhali ya iso. Sannan kan gada ba a gudu, domin tsakanin katakan da aka shimfiɗa dogon a kansu rami ne, sai ka duba kafin ka taka. Na uku, wanda har manya ba su sani ba: tsakanin ƙarafan dogon nan ƙafa 3 ne da inci 6 kacal, amma jikin jirgin ya zarce su ta kowane gefe da kusan tsawon hannun babban mutum da ƙari. Ka raɓe a gefe kana ganin ka kauce, alhali kana cikin hanyarsa.

Na danna. Da na cire ido daga kyamara sai na ga ƙarfe ya cika duniya. Direba yana ta hon, birki yana ƙara kamar ana yanka ƙarfe, jirgin kuwa bai san an taka masa birki ba, saboda nauyin da ke bayansa ne ke turo shi. Na yi ihu na ce yaron ya dira, na dira. Rafin ya ƙafe, yashi ne a ƙasa. Ni na tashi da targaɗe, kyamarata ko ƙwarzane babu, don na rungume ta a ƙirji. Kyamara na runguma, ban rungumi yaron ba. Shi a kan dutse ya sauka, cinyarsa ta karye.

Jirgin bai tsaya ba sai da taragon ƙarshe ya haye gadar. Direban ya tako da ƙafa, dattijo ne, hannunsa na rawa. Na zaci zagi zai yi. Cewa ya yi da ya taka mu, mu mun huta, shi ne zai riƙa kwana da mu har ya mutu. Daga nan ya tsuguna ya yi amai.

'Yan sandan reluwe biyu suna cikin jirgin. Mutanen gari suka ɗauki yaron a kan ƙyauren ƙofa, ni kuwa aka jefa ni tarago, aka wuce da ni wata babbar tasha da ba zan ambata ba. Ranar ce kaɗai na taɓa hawa jirgi ban biya ba. Zamanin soja ne, ana tsakiyar yaƙi da rashin ɗa'a, kuma mutum ya ɗauki hoton gada ba ƙaramar magana ba ce. Wa ya aiko ka? Wa za ka kai wa? Me ya sa gada, duk faɗin dajin nan? Sajan ya buɗe bayan kyamarar, ya zaro fim ɗin ya ɗaga shi a rana ina kallo. Hotunan bikin wasu bayin Allah ashirin da wani abu suna ciki, suka ƙone tare da hoton da na kusa kashe ɗan mutane a kansa.

A nan ne har yau raina yake ɓaci, kuma ba zan ɓoye ba. Ina shinge? Ina allon da ya ce kada a hau? Garin nan kakaf ta kan dogo yake zuwa kasuwa, Fulani ta nan suke ƙetarawa da shanu, almajirai a kansa suke shanya kaya. Sai ni, don na rataya kyamara, na zama ɗan leƙen asiri? Da hoton nan ya rayu, wallahi da yanzu ya cancanci bangon Gidan Makama, gidan tarihin Kano. Na faɗa wa sajan maganar shingen, da ƙuruciya da ɗaga murya. Sai ya tambaye ni ko gonar babana tana da katanga. Na ce a'a. Ya ce to in ya shiga ya yi abin da ya ga dama fa? Dogon da filin da ke gefensa na reluwe ne, ya ce, a kawar da kai mutane su wuce ba ya nufin an ba su. Ban sami amsa ba, kuma na ƙara jin haushinsa saboda haka.

Kwana biyu na yi a bayan kanta kafin babana da mai unguwa su zo beli. Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: a kwana biyun nan, fim ɗina na yi ta yi wa kuka. Yaron sai jefi-jefi yake faɗo mini. Da na dawo na tarar mai ɗori ya yi nasa, amma ƙafar ta gajarce. Na kai wa mahaifinsa kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Yaron nan yanzu magidanci ne mai injin niƙa, yana ɗingishi, yana ce mini Yaya, in na kai niƙa sai ya ce a fara da nawa. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa samun ƙarfin halin tayarwa ba.

Daren da na ga ɗan ƙanwata, na zauna na jera shawarwari goma a bayan takardar rasit. Da gari ya waye na duba sai na ga yawancinsu surutu ne. Ga waɗanda suka rage.

Kada ka tsaya a kan dogo. Ba na minti ɗaya, ba na hoto ɗaya. Wai jirgi ya daina zuwa! Mu da muka san ranarsa da sa'arsa ma ga yadda muka ƙare, balle kai da ka toshe kunne. Layin da jirgi ke bi jefi-jefi ya fi haɗari, don kowa ya saki jiki, kuma ma'aikata masu duba layi ba sa yin shela kafin su taho da injinsu. Ga sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai ratsa Kazaure da Daura, na ji har kun fara zuwa can kuna rawa. Irin wannan jirgin ba namu mai rarrafe ba ne.

In 'yan sanda suka tare ka, ka sauke murya. Zamaninku ya fi namu tsanani, ko ba ku sani ba. Tun harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, ga kuma ɓarayin da ke kwance kusoshi da ƙarafan dogo suna kai wa 'yan gwangwan, duk wanda aka samu da hoton gada da noti a wayarsa sunansa infoma kafin ya buɗe baki. Ka gaishe su, ka nuna katin shaidarka, ka nuna abin da ka ɗauka, ka kira babba a gidanku. Kada ka gudu, kada ka ce a nuna maka inda doka ta ce. Ko da yake in sun ce za su goge maka komai da komai, ban ce ka yi shiru kamar rago ba. Ka roƙa. Ni ban roƙa ba, gardama na yi.

Da na so in ce ku rabu da jirgi gaba ɗaya, amma bakina ya ƙi. Tashoshin nan suna rushewa, rufinsu ya yaye, awaki ke kwana a ɗakin sayar da tikiti, kuma babu mai ɗauka. Kuna riƙe da wayar da ke cin hoto dubu, dukkansu fuskarku ce da baki a turo. Mu da 36 muka yi abin da muka yi. Ku je ku ɗauka mana, amma ku fara da sallama ga shugaban tasha ko mai gadi, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku tsaya inda fasinja ke tsayawa, ku jawo hoton da waya maimakon ku kai jikinku. In an ce a'a, a'a ne. Kuma kada ka ja ɗan kowa. In ka ƙi ji, ka tafi kai kaɗai.

Da muka iso gida na ce wa ɗan ƙanwata ya nuna mini bidiyon. Hasken la'asar ya faɗi daidai, dogon ya miƙe a bayansa har ya shige cikin ƙura. Yaron yana da ido, irin nawa, kuma ban gaya masa ba. Cewa na yi gobe ya raka ni wurin mai injin niƙa, akwai wanda nake so ya gaisar. Ya ce gobe suna da ƙwallo.