Kwana uku a Marrick

Jiya muka dawo daga Marrick Priory, can kwarin kogin Swale a arewacin Ingila, ni da matasan cocinmu. Har yanzu ƙafafuna ba su huce ba.

Tun ƙarni na 12 mata masu zaman zuhudu ke zaune a wurin, har Sarki Henry na 8 ya rufe irin waɗannan gidaje. Yanzu, da hannun cocin Anglika, ya zama masaukin yara: a kwana, a hau dutse da igiya, a tuƙa kwalekwale.

Na ɗauka wa'azi za a yi ta yi musu, ashe ba haka ba. Akwai wani yaronmu da ko a coci ba ya ɗaga kai daga waya. Da aka zo saukowa da igiya, ya kafe a saman dutse, jikinsa sai rawa yake. Wanda ya tsaya a ƙasa yana kiransa, "Sauko, ina nan!", yaron da suka yi wata biyu ba sa ga-maciji ne. Gaskiya sai da na share hawaye.

Da dare aka taru domin gajeriyar addu'a, yaron nan mai waya da kansa ya ce a bar shi ya yi ta.