Asabar: kwanon rufi, kwata da dakalin Alhaji

Kano, wata Asabar cikin Mayun 2025.

Ruwan da aka yi daren Alhamis bai fi na minti ashirin ba, amma ya tona mana asiri. Iskar da ta rigaye shi ta ɗaga kwano biyu a saman ɗakin yara, silin ya jiƙe ya yi ciki kamar zai faɗo. Cikin dare uwargida ta jera bokiti da baho da tukunyar da ake dafa taliya, tana yi tana shiru, irin shirun da ya fi faɗa ciwo. Tun bara take cewa a taɓa rufin nan, ni kuma ina cewa bari a yi albashi. An yi albashi sau goma sha biyu.

Kafinta ya zo yau da ƙarfe bakwai da rabi, don ya ce in rana ta ɗaga ba mai iya taka kwano. Ya jingina tsani ya hau, na tsaya a ƙasa ina riƙe masa. Can sai na ji ya ce, “Malam, ai ba kwanon ne kaɗai ba.” Gabana ya faɗi, don na san duk maganar da ta fara da haka a aljihu take ƙarewa. Gara ta cinye katako huɗu, ƙusa ba ta da abin kamawa, shi ya sa iska ta samu hanya. Ya sauko da guntun ɗaya ya murza shi a hannu, ya zama gari. Wai tun farko ba a shafa wa katakon baƙin mai ba. Ya lissafa mini: katako tubaifo huɗu, tubaitu shida, rabin bandir na kwano, ƙusa, sai kuɗin aiki. Na ce ya rage. Ya ce, “Malam, in na rage miki...” sai ya kama baki, muka yi dariya, don ya saba da uwargida yake ciniki. Katako shi zai sayo a Na'ibawa, ya fi ni ido a kansa. Kwano kuwa na ce ni zan je Ƙofar Ruwa da kaina, ba don ban yarda da shi ba, sai don na yarda da kaina fiye da shi.

Amma abin da ya hana ni barci kwana biyun nan ba rufin ba ne. Rufi nawa ne, da kuɗi ake maganinsa. Bangon zaure ne. Alhajin da muke jikin katanga ɗaya da shi ya gyara ƙofar gidansa bayan ƙaramar sallah: ya zuba tipar marmara, ya ɗaga wurin ya kai kusan taku ɗaya, ya yi dakali mai kyau da siminti, ya kuma rufe 'yar kwatar da ke bi ta gabansa. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Sai dai ruwan da a da yake wucewa ya faɗa babbar kwata yanzu ba shi da wurin zuwa sai gindin bangona. Da gari ya waye bayan ruwan daren Alhamis na tarar da shi kwance, filasta ta fara tashi. Ruwan minti ashirin ke nan. Ina ga na Agusta?

Na fita majalisa da niyyar in yi masa magana. Har na tsara kalmomin a raina tun a masallaci: zan fara da yaba aikin, sannan in kawo zancen ruwa kamar yanzu ya faɗo mini.

Majalisarmu benci biyu ce da tabarma a gindin darbejiya, kusa da mai shayi. Na tarar da Baba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya fi kowa shekaru a layin, da tela mai jar hula, da wani matashi da ya gama jami'a yana sayar da sola, sai Alhaji yana karkaɗa cokali a kofi. Ana zancen siminti. Tela ya ce buhu ya tsaya a dubu goma ya ƙi sauka, alhali da dubu huɗu da 'yan kai ya sayi wanda ya ɗora shagonsa. Na ce to ga ƙofa ta buɗe, daga siminti sai dakali. Ban kai ga buɗe baki ba Alhaji ya ce ai duk abin daga mai ne: tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma tipa da tirela ba da ruwa suke tafiya ba. Mai sola ya ce tipa da tirela gas suke sha, ba fetur ba. Alhaji ya ce, “Yaro, leburan da zai sauke fa, da ƙafa ya zo?” Shi ke nan, aka bar siminti aka tafi Abuja.

Na lura da wani abu game da majalisarmu. In ana zancen Abuja kowa gwani ne, murya a sama, har da buga benci. In aka gangaro kan gwamnatin jiha sai a rabu biyu, tela ya gyara zaman hularsa, Alhaji ya juya masa ƙeya. In aka zo kan abin da ke gaban ƙofarmu kuwa sai kowa ya tuna shayinsa na hucewa.

Mai sola ne ya gangaro da zancen. Ya ce tun ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Mu a Kano 44 gare mu, an kuma yi zaɓensu a watan Oktoba, saboda haka kwata da kwalbati yanzu akwai wanda za a riƙe. Ya kawo shawarar a rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, a kai. Tela ya ce a kai, za a duba. Alhaji ya ce a kai, za a ajiye. Baba dai bai ce komai ba sai da ya shanye shayinsa, sannan ya nuna babbar kwatarmu da sandarsa, wadda ledar ruwa da yashi suka cike har ta yi daidai da hanya, ya ce:

“'Ya'yan nan, a zamaninmu santsi da taɓo sunan siyasa ne. Yanzu ga su nan a ƙofar gida.”

Mai sola bai gane ba, sai da Baba ya warware masa. Bayan PRP ta ci Kano a 1979 da Abubakar Rimi, jam'iyyar ta dare biyu: masu bin Malam Aminu Kano su ne 'yan taɓo, masu bin Rimi 'yan santsi. Baba ɗan taɓo ne har gobe. Ya ce a lokacin wa da ƙani sukan daina cin abinci a kwano ɗaya saboda wannan, amma in damina ta matso duk sai a fito da cebur da magirbi a yashe kwata tare, ana aiki ana habaici. Ko ya ƙara wa zancen gishiri ban damu ba, na dai ji daɗin yadda ya rufe bakin kowa na ɗan lokaci. Daga nan ya shiga zancen kududdufai, wanda in ya fara ba ya gajiya. Ramukan nan da ke ko'ina cikin gari, ƙasar da aka gina gidaje da ganuwa daga nan aka haƙo ta, sai suka zama wurin da ruwan damina ke taruwa. Aka bi su ana cikewa da shara, ana yankawa filaye, ana gini. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. “In ka tare shi a nan,” in ji Baba, “gidan maƙwabcinka zai kwana.”

Wallahi na zaci da ni yake, ko da Alhaji. Na saci kallon Alhaji, na ga yana ta gyaɗa kai yana cewa, “Gaskiya ne, Baba, mutane ba sa tsoron Allah.” Nan ne ya kamata in yi magana. Ban yi ba. Mutumin nan shi ya kai uwargida asibiti a motarsa da tsakar dare lokacin haihuwar Auta, ina Zariya. Ta yaya zan tsaya gaban mutane in ce dakalinka ya dame ni? Aka dai tashi a kan za a yi aikin gayya ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, da yake ranar tsaftar muhalli ce, ba fita daga bakwai zuwa goma. Kowane gida naira dubu biyu na masu kwashe abin da aka yaso. An ɗora mini karɓar kuɗin, wai ni malamin lissafi ne.

Bayan la'asar na ce zan je Ƙofar Ruwa, sai yara suka maƙale. Ina da bashinsu: na yi musu alkawarin kallon hawa da sallah, sai aka hana hawan saboda rigimar masarauta, kamar yadda aka yi da babbar sallar bara. Abin da ke ba ni takaici, a Disambar da ta wuce ne UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya, ga shi Auta mai shekara shida ba ta da abin da za ta iya tunawa na Hawan Daushe. Na ce su sa takalma. Muka tari adaidaita sahu.

A kasuwa na yi abin da na je yi. Mai shagon ya ajiye mini kwano iri biyu, ya ce in lanƙwasa gefen kowanne da yatsa. Ɗaya ya bi hannuna kamar gwangwanin madara, ɗayan ya yi gardama. Na ɗauki mai gardamar, na bar kuɗin cefanen mako a wurin. Na ce kafinta zai zo ɗauka gobe.

Da yake Dala na kusa, sai muka ƙarasa. Rabona da hawa dutsen nan tun ina sakandare. Matakalar ba ta ƙaru ba, ni ne na ƙaru. Sau biyu ina tsayawa ina yi kamar takalmina nake gyarawa, babban yaron kuwa tuni ya kai sama yana ɗago mini hannu. A can iska ke kaɗawa mai daɗi. Na nuna musu Goron Dutse, na nuna musu hasumiyoyin babban masallacin cikin gari, na ba su labarin Barbushe da Tsumburbura kamar yadda aka ba mu, da zuwan Bagauda a shekarar 999. Auta ta tambaya ko Barbushe ma sai da ya huta a hanya.

Ni kuwa rufin gidaje nake kallo. Mai ciwon ido idon kowa yake dubawa. Kwano ne iya ganinka, wani ya yi ja da tsatsa, wani sabo yana ƙyalli, an danne wasu da bulo da tsofaffin tayoyi, sai ɗaiɗaikun soraye na ƙasa da suka rage a tsakani. Na tuna gidan kakanmu a cikin birni. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe, a jiƙa makuba a shafe soro, a gyara indararo. Kuma ba a sa indararo sai an duba inda zai zuba; in lungu ne na kowa, to, in jikin katangar wani ne sai an je an yi sallama da shi. Kaka kan ce bakin indararo ya raba zumunci fiye da gado. Ina tsaye a kan Dala ina ta jin haushin kaina.

Mun dawo ana kiran magariba, yara da rake a hannu. Uwargida na tankaɗe a tsakar gida ta ce, “Malam, ka yi wa Alhajin maganar?” Na ce ba a samu sarari ba, an yi ta siyasa. Ta ce, “Uhm.” Ta ci gaba da tankaɗenta.

Bayan isha'i ina zaure ina duba lissafin kafinta sai na ji sallama. Alhaji ne, da tocila a hannu. Ko zama bai yi ba ya ce, “Haba Malam, haba Malam! A ce ruwa na cin bangonka sai a bakin Hajiya zan ji?” Ashe tun da hantsi, muna can muna gyara Abuja, uwargida ta leƙa ta katanga aron rariya, ta ce wa Hajiya ta zo ta ga wani abu. Magana uku ta gama abin da na kwana biyu ina tsarawa.

Muka fita ya haska gindin bangon, ya taɓa filastar ta zubo a hannunsa. Ya ce birkilan ne ya ce masa a rufe kwatar don wurin ya fi kyau, shi bai kawo komai a ransa ba. Ya ce ba zai fasa dakalin ba, kuɗi ya ci, amma za a yanka gefe a binne bututu mai inci shida ya fita babbar kwata. Na ce ni zan sayi bututun. Ya ce a'a. Na ce to siminti. Ya ce buhu ɗaya ya rage masa. Muka yi ta ja har muka tsaya a kan ni zan biya lebura. Da zai tafi ya juyo ya ce, “Amma fa in ba a yashe babbar ba, bututun banza ne.” Na ce to ya fara ba da dubu biyunsa. Ya laluba aljihu ya ce ba canji, sai da safe.

Na rubuta sunansa a saman takardar, na bar gurbin kuɗin. An ɗauke wuta tun ƙarfe tara, zafi kamar a tanda, gabas kuma tana walƙiya. Kafinta sai bakwai na safe. Na ce wa uwargida kada ta kwashe bokitan tukuna.